CUTAR NOMA: ABIN DA ZA MU KAI GABAN 'YAN MAJALISAR SAKKWATO



An ce in yi magana a kan abin da ya kamata mu sa a gaba in Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zauna duba kasafin kuɗi. To ni ba likita ba ne, aikin sa kai kawai nake yi, don haka cuta ɗaya zan ɗauka, wato noma. Kada wani ya ɗauka noman gero nake nufi. Sunan da likitoci suka ba ta ke nan, a ƙauyukanmu kuwa wasu kan ce ciwon iska, wasu su ce ciwon daji.

Yadda take farawa shi ne, dasashin yaro ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari. Uwa ta ɗauka haƙori ne. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, nama ya yi baƙi ya ruɓe, har ta ci leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa da waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi. Alhali kuwa in an gan ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Na taɓa raka wata baiwar Allah da ɗanta daga ƙauye. Ta ce sau biyu tana zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da su tana tarar da shi a kulle. Yaron ya rayu, amma da rami a kuncinsa, sai an karkata masa kai yake shan kunu. Har yanzu ina ganin fuskar nan.

A nan cikin gari muna da asibitin yara na noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana taimaka masa tun 2014, ana yin tiyata kyauta. Nijeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Madalla. Amma fa wanda ya iso teburin tiyata shi ne wanda ya tsira. Sauran an rufe su a ƙauye.

Saboda haka buƙatarmu ga 'yan majalisa ita ce kuɗin ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi 23: ma'aikaci da ke zaune a wurin, wanda aka koya masa ya buɗe bakin yaro ya duba, da magani a kan kanta, da abincin masu tamowa, da rigakafin ƙyanda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 5 kacal cikin 100 suka samu cikakken rigakafi a Sakkwato, mu ne na ƙarshe a lokacin. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Sai dai rubuta kuɗi a takarda daban, sakinsu daban. Majalisa tana da ikon kiran Kwamishinan Lafiya ta tambaye shi nawa aka saki, ina kuma suka shiga. Wannan bibiyar muke so kwamitin lafiya ya yi, ba yanke kyallen buɗe sabon gini ba.

'Yan majalisar su 30 ne, kowa a nan yana da nasa. Kada a jira sai an zartar da kasafi. Kowace unguwa ta fitar da mutum uku, a zagaya asibitin mazaɓa, a rubuta abin da aka gani da ranar da aka gani, a sa hannu, a kai masa ofis, a riƙe kwafi. Iyaye mata kuma, don Allah yau da dare a haska bakin yara a duba dasashinsu.