Zafi da Saurin Sauti a Cikin Ƙarfe



Wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da maganar saurin sauti. To, ni dai a ganina harshen da ya mallaki sauti, da ƙara, da amo, da kuwwa, bai kamata a ce ya kasa bayyana yadda suke tafiya ba.

Mu fara daga dogo. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ratsa Likoro ta ƙasar Kudan, da Gimi ta ƙasar Makarfi. Duk wanda ya girma kusa da dogo ya san ƙarfen yakan fara gunji tun ba a hango jirgi ba. (Ina faɗar haka ne, ba wai ina cewa yara su je su kara kunne ba, don ganganci ne.) Dalili shi ne, sauti yana yin kimanin mita 343 a sakan ɗaya cikin iska, amma cikin sandar ƙarfe irin ta dogo yana wuce mita 5,000. Watau tafiyar kilomita ɗaya da za ta ci wa iska kusan sakan 3, ƙarfe ya gama ta kafin ƙiftawar ido. Wani masani Bafaranshe, Biot, ya auna irin wannan tun a 1808 cikin bututun ruwa na birnin Faris, aka buga ƙarfe a wancan kai, ya ji bugu biyu a wannan kai, na ƙarfe da farko, na iska daga baya.

To, ina zafi ya shigo? A iska, zafi ƙara wa sauti sauri yake yi, kimanin mita 0.6 ga kowane digiri guda. Da asubar hunturu mai digiri 15 yana yin mita 340, da azahar ɗin bazara mai digiri 40 kuwa ya kai 355. Sai mutum ya zaci haka abin yake ko'ina. A'a. A ƙarfe akasin haka ne.

Sauti a cikin abu mai tauri girgiza ce da ƙwayoyin abin suke miƙa wa juna, kamar yadda masu gini suke miƙa tubali hannu da hannu. Muddin ƙwayoyin suna riƙe da juna tamau, saƙo ba ya jinkiri. Idan zafi ya shiga, sai su riƙa rawa, su ɗan nisanci juna, riƙon ya saki, saƙo ya yi nawa. Ragin ba shi da yawa: kimanin kashi 1 cikin 100 ne ga kowane ƙarin digiri 55. Saboda haka dogon Gimi da ya kwana cikin sanyi ya wuni cikin rana, kunne ba zai ji wani bambanci ba.

Inda kunne yake ji shi ne maƙera. Ku je wurin maƙeri a Ikara ranar kasuwa ku saurara. Fartanya mai sanyi in an ƙwanƙwasa ta, amo take yi tas. Amma ƙarfen da aka fizgo da awartaki ya yi jawur, in masaba ta sauka a kansa, sai ka ji dum, ba amo. Abu biyu ne suka haɗu: tauri ya ragu, sa'an nan ƙarfe mai zafi shanye girgiza yake yi, ba ya barin ta ta daɗe. Maƙeri ya san wannan da kunnensa, har yakan gane ƙarfe ya huce, lokacin mai da shi wuta ya yi.

Na san akwai wanda yake cewa a ransa, to ganga fa? Ai makaɗi yakan shanya ta a rana ko ya kara ta da wuta, muryarta ta tashi, ba ta faɗi ba. Gaskiya ne, amma ba zafi ne kai tsaye ya yi aikin ba. Fata tana shan laima ta saki, wuta ta kori laimar, fata ta tsuke ta ɗaure, girgiza ta ƙara gudu a kanta. Shi ya sa da damina aka fi wannan wahala.

Wannan kashi 1 cikin 100 da kunne ya raina, injiniya ba ya raina shi. Akwai na'urar da take aika sauti cikin ƙarfe, ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan ta faɗi kaurin bututu ko tukunyar masana'anta. In an daidaita ta a kan ƙarfe mai sanyi aka ɗora a kan mai zafi, sauti zai yi jinkiri, ita kuwa ta ce ƙarfen ya fi yadda yake kauri. A digiri 300, kuskuren ya kai wajen kashi 5 cikin 100, kuma ya karkata ne wajen da ya fi haɗari, domin bututun da tsatsa ta cinye sai ya fito kamar lafiyayye.