Waƙa Ta Yi Tashe, Mawaƙi Bai Ga Sisi Ba



An nemi in yi muku magana, ku mutanen Batsari da Safana, a kan manhajojin gajeren bidiyo, irin su TikTok da Instagram da YouTube Shorts, da yadda suka taɓa sana'ar waƙa da haƙƙin mawaƙa. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa: mutanen da ke barci da ido ɗaya saboda abin da ke fitowa daga dajin Rugu, ina ruwansu da kuɗin waƙa? Mai wannan tambaya yana da hujja. Amsata ita ce, rashin tsaron nan shi ne ya sa maganar ta fi shafarmu fiye da mutanen Kano ko Legas.

Mawaƙin ƙasar Hausa da hannu ake biyansa. Mai kalangu yana bin mahauta, mai gangar noma yana bin gayya, mai kotso yana ƙofar fada, masu amada suna cikin gida wajen mata ranar biki ko suna. Wanda aka wasa ya ji kansa ya yi girma, ya zura hannu aljihu ya yi liƙi, ko ya tuɓe riga, ko ya ba da doki. Da gari ya waye a zauna a raba: ga kason mai waƙa, ga na makaɗa, ga na 'yan amshi, ga na sanƙira. A haka Dokta Mamman Shata, ɗan Musawa, ya rayu har ya bar duniya a 1999. A haka Barmani Choge ta Funtuwa ta rayu har zuwa 2013. Tsarin yana da nasa aibu, domin yakan mayar da mawaƙi baran mai kuɗi, amma wanda ya ji daɗin waƙa yana ganin mai ita ido da ido, kuma kunya kaɗai ta isa ta sa ya ba da wani abu.

To, ina fagen yake a yau? A ƙauyuka da yawa na ƙasar Batsari da ta Safana an daina kiɗan dare. Biki ya koma na rana tsaka, a ɗaura aure a watse kafin la'asar. Gayya ta ja baya, tunda gonar da ke nesa da gari ba kowa ke iya zuwanta ba. Kun tuna ƙarshen watan Agustan 2021, lokacin da gwamnatin jihar Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin nan. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyu, aka kuma hana sana'ar cajin waya. Makaɗin da ya rasa kasuwa, ya rasa biki, waya ce kaɗai ta rage masa ta kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta zuwa. Shi ya sa tambayar wa ke cin kuɗin abin da ke yawo a waya ta zama tambayar tuwon dare a gidan makaɗi.

Matsalar ba da TikTok ta fara ba. Zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su ne masu buga waƙa da fim su rarraba, kuma sau da yawa mawaƙi sayar da waƙarsa yake yi kacokan, a ba shi kuɗi sau ɗaya, shi ke nan. Daga baya 'yan turi suka zo. Duk mun san rumfar: benci, ƙaramin janareta yana ƙugi, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takardar lamba an manna mata, tsohuwar kwamfuta a gefe. Yaro ya miƙa memori ya ce a cika masa da sababbi, ya biya 'yan nairori, kafin magariba ya tura wa abokansa ta Xender. Ban zo don in zargi mai rumfar ba, neman halaliyarsa yake yi a garin da aiki ya yi ƙaranci. Sai dai a duk wannan ciniki babu ƙwandala ɗaya da ke komawa ga wanda ya biya kuɗin sutudiyo. Mun saba da samun waƙa a ɓagas tun kafin manhaja ta iso, ita kuwa ta tarar da ƙofa a buɗe.

Yanzu bari in bayyana yadda kuɗin ke tafiya, domin nan ne aka fi yi wa mawaƙanmu rufa-rufa. TikTok ba ta biyan mawaƙi kai tsaye. Yarjejeniya take ƙullawa da manyan kamfanonin waƙa da kamfanonin dillanci, irin su DistroKid da TuneCore da nata mai suna SoundOn. Takan biya dunƙulallen kuɗi, su kuma su raba gwargwadon yadda aka yi amfani da waƙar kowa. Wannan ya shafi waƙar da ta shiga ta hannun dillali, mai ɗauke da lambar shaida da sunan mai ita. Waƙar da ba ta bi ta wannan hanya ba, manhaja ba ta san mai ita ba.

Ku ɗauki misalin mai gurmi a wani biki a Runka ko Wagini. Yana tsaka da waƙa, gumi na zuba, wani yaro ya ɗaga waya ya ɗauki daƙiƙa talatin, ya ɗora. A wurin manhaja, wannan sauti na yaron ne, sunan shafinsa ne zai fito a ƙasan bidiyo. Idan Allah ya sa baitin ya shiga ran mutane, 'yan mata a Kaduna su hau, samari a Maraɗi su hau, 'yan ci-rani a Legas da Agadas su hau. Wani ya ƙara wa sautin gudu, wani ya ɗora masa kiɗan fiyano, har na'urar da ke gane waƙoƙi ta kasa gane asalinsa. Yaron ya tara mabiya, ya fara karɓar tallan turare da atamfa. Kamfanin waya ya sayar da data. Manhaja ta sayar da talla. Mai gurmi kuwa sai dai a tare shi a kasuwa a ce masa, "Malam, ai jiya na gan ka a waya." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na musun alherin da ke cikin abin. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar Hausa saboda bidiyon rawar da mata suka riƙa ɗorawa, kuma babu gidan rediyon da zai iya yi masa wannan aiki cikin 'yan makonni. A 2022 Warr ta Ado Gwanja ta bi wannan hanya, tare da ce-ce-ku-cen da ya biyo baya a Kano. A kudu, CKay ya fitar da Love Nwantiti a 2019, ta kwanta shiru, sai a 2021 TikTok ta tashe ta ta kai ta Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Amma ku lura da inda ribar take fitowa. Tashen manhaja talla ne. Kuɗin yana zuwa ne daga baya, idan mutane suka bi waƙar zuwa YouTube ko Audiomack ko Boomplay ko Spotify, ko aka gayyaci mawaƙi wasa, ko ɗan siyasa ya neme shi. CKay yana da kamfani da lauyoyi da suka tsaya suka tattaro masa haƙƙinsa daga ƙasa zuwa ƙasa. Mai gurmin Runka ba shi da kowa.

Ko masu ƙarfin ma kokawa suke yi. A farkon Fabrairun 2024 kamfanin Universal, wanda ya fi kowane kamfanin waƙa girma a duniya, ya janye waƙoƙinsa daga TikTok, yana cewa abin da manhajar ke biyansa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba. Sai a watan Mayu suka shirya. Idan mai riƙe da waƙoƙin Taylor Swift da Drake sai da ya yi yaji kafin a saurare shi, ku auna matsayin mutum ɗaya da ba shi da ko takardar shaida.

Kuɗin kuma akwai shi. Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, ta ce ta biya mawaƙan ƙasar nan sama da naira biliyan 25 a 2023, da sama da biliyan 58 a 2024. Abin da ke damuna shi ne, Hausa na cikin harsunan da suka fi yawan masu magana a Afirka, amma masu sauraronmu ta turi da WhatsApp suke ji, inda ba a ƙirgawa. Ga shi kuma daga 2024 Spotify ta daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Wanda ba a ƙirga shi ba, ba ya cikin rabo.

Akwai wata ɓarnar da ba ta kuɗi ba, kuma ita ta fi ci mini rai. Manhajar tana son baiti ɗaya mai kama kunne cikin daƙiƙa goma sha biyar. Matasan mawaƙa sun gane haka, sai ka ji an gina waƙa a kan amshi guda da salon rawa, saura kuwa ciko ne. Bakandamiyar Shata ba a jin daɗinta a guntule. Waƙar fada ta Musa Ɗanƙwairo tana tafiya ne daki-daki, daga asali zuwa kirari zuwa zambo, kuma sai mai haƙuri ke cin moriyarta. Idan kasuwa ta daina biyan dogon numfashi, yaranmu za su daina koyonsa.

Me doka ta ce? Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai waƙa iko a kan ɗora aikinsa a intanet, ta kuma ba shi damar rubuta wa manhaja ta sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Haƙƙin yana tabbata da zarar an naɗi waƙar ko an rubuta ta, rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ƙarin hujja ce. Kuma haƙƙi biyu ne a kowace waƙa: na wanda ya tsara baiti da karin murya, da na wanda ya mallaki naɗin. Na farkon yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ke nan waƙoƙin Shata suna da magada har ƙarshen 2069, na Barmani har 2083. Duk mai ɗora muryarsu yana tara mabiya, ya sani dukiyar marayu yake juyawa.

Ga malamaina da ke zaune a nan: na san akwai saɓani a kan kiɗa, kuma ban zo warware shi ba. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi ta'addi a kansa. Hukuncin ya rufe sha'iri mai bege, da mai waƙen wa'azi, da 'yan Islamiyyar da ake ɗaukar muryarsu ranar saukar karatu a watsa ba a tambayi iyayensu ba.

Ga ku mawaƙa matasa, roƙona kada ku saki waƙa a WhatsApp kafin ku shigar da ita ta hannun dillali da sunanku, domin wanda ya riga ɗorawa shi na'ura ke ɗauka mai ita, kuma ƙwato ta daga baya wahala ce. Kafin ku fita daga sutudiyo ku rubuta kason kowa a takarda, da mai kiɗa da mai amshi, a sa hannu gaban shaidu. Rabon da iyayenku ke yi a zaure bayan biki shi ne wannan, rubutu kawai aka ƙara. In ɗan siyasa ko mai shirya fim ya saye waƙa, takardar ta faɗi me ya saya: amfani da ita na wani lokaci, ko mallakarta har abada. Ku kuma nemi shiga ƙungiyar MCSN, wadda hukuma ta amince ta riƙa karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu.

Tsofaffin makaɗanmu ba za su iya wannan su kaɗai ba. Yawancinsu ba su da asusun banki da zai karɓi kuɗin waje, wasu ko wayar shafa ba su riƙe ba. Nan ne nake kallon Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da ke maƙwabtaka da mu. Ɗaliban Hausa da na kwamfuta za su iya zama da waɗannan dattawa, su naɗi waƙoƙinsu da kyau, su rubuta sunan kowa da garinsa da kayan kiɗansa, a ɗora da sunan mai waƙa, kuɗin ya faɗa asusun da shi ko magadansa ke da iko da shi. Ƙananan hukumomin biyu su ba da ɗaki da wutar sola. 'Yan turi ma a jawo su ciki, domin babu wanda ya kai su sanin waƙar da ake nema a kowace kasuwa, kuma matashin da ya iya cika memori zai iya koyon cike fom ɗin dillali cikin mako guda. Iyayenmu hakimai kuma su ne suka san gidan kowane Sarkin Kiɗa da kowace zabiya a ƙasarsu, har da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari ko Katsina. Daga wurinsu ya kamata jerin sunayen ya fara fitowa, kuma a fara da waɗanda suka fi tsufa.