Allah Ya Sani, Mu Ma An Sanar da Mu

  

An ce in yi magana a kan ko Allah Masanin kome ne. Ƙwarai kuwa, babu abin da ke ɓoye gare Shi, babba ko ƙarami, wanda ya wuce ko wanda ke tafe. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Ummul Barahin ta Sanusi ya san ilimi na cikin siffofin da suka wajaba ga Ubangiji, ba sai na maimaita muku ba. Gardamar ma tsohuwa ce. Ma'abad al-Juhani ya tayar da ita a Basra tun wasu sahabbai na raye, yana cewa Allah ba Ya sanin aikin bawa sai bayan ya auku, Abdullahi ɗan Umar ya barranta daga masu wannan magana. Daga baya masu falsafa irin su Ibn Sina suka ce sanin Allah a dunƙule yake, bai sauka kan ɗaiɗaikun abubuwa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi musu raddi a Tahafutul Falasifa.

Yau samarinmu na kwaso tambayar daga Facebook: in Ya riga Ya san abin da zan yi, ina zaɓina? Malaman tauhidi sun amsa tun da daɗewa. Ilimi siffa ce da abu ke bayyana da ita yadda yake, ba ya tura kowa. Dattijon da ya tsufa a bakin filin kokowa yakan faɗa maka wanda zai sha ƙasa tun ba a kama ba, amma ba saninsa ne ya kayar da shi ba. Na dattijo kirdado ne, na Allah yaƙini ne da ba ya kuskure, kuma babu abin da ke fita daga nufinSa. Duk da haka Ya ba bawa hankali da zaɓi, a kansu Zai yi masa hisabi.

Ni rigimata da wasu mutane take, waɗanda suka yarda Allah Ya san kome, sannan suka mayar da wannan gaskiya wurin ɓuya. Cikinsu akwai masu ofis, akwai masu mumbari.

Ku tuna yunwar 2005 a nan Nijar. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fari suka sauka a wasu yankuna. Tun kafin ƙarshen shekarar hukumomi a Yamai suka ƙiyasta giɓin cimaka da ya haura tan 220,000. Lissafin yana rubuce, yana kan tebur. Wata bayan wata tiyar hatsi na tashi a kasuwannin Tasawa da Mayahi, magidanta na sayar da akuya da tunkiya, wasu har gona, samari na tafiya cin rani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran agaji a watan Mayu. Rabon abinci kyauta bai kankama ba sai wajen Agusta, lokacin da rumbuna suka daɗe da zama wayam. A wannan watan ne Shugaba Tandja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, kuma jihar Maradi, rumbun ƙasa, ita ce cibiyar bala'in.

To me aka riƙa faɗa wa uwar da ta rufe ɗanta? Haka Allah Ya rubuta. A bakin mai ta'aziyya wannan magana gaskiya ce, kuma magani ce ga zuciya. A bakin wanda aka kai wa rahoto watanni kafin nan ya ajiye shi, zalunci ne da aka yi wa rigar addini. Allah Ya san yaron zai mutu, haka ne. Ya kuma san wanda ya ga lissafi ya yi shiru, Ya san wanda ya kulle sito yana jiran farashi ya ƙara hawa. Mai fakewa da sanin Allah ya manta cewa wannan sanin ne zai ba da shaida a kansa. Da yunwa ta sake kunno kai a 2010, hukumomin lokacin suka amsa ta a fili da wuri, agaji ya fi saurin isowa. Ubangijin 2005 Shi ne na 2010. Halin bayi ne ya sauya.

Magabata ba su fahimci ƙaddara yadda muke yi ba. Da Sayyidina Umar ya doshi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, ya nuna wa Abu Ubaida, wanda ya ƙalubalanci komawar, cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi Yusufu da aka sanar da shi shekarun fari, tanadi ya yi.

Manomanmu ma sun nuna mana. Bayan yunwar 1984 an yi ta cewa hamada ta ci ƙasar nan. Sai suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon kututture a gona suna yi masa aski har ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, galibi a Maradi da Damagaram. Gawon da ke tsaye a gonakinku yau, Allah Ya san zai tsaya tun fil'azal, kuma ta hannun manomin da ya ƙi sare shi Ya tsayar da shi.

Wasu abokaina malamai na cewa hasashen damana da ake yi a rediyo shisshigi ne cikin gaibu. Ban karɓa ba. Auna iska da gajimare karatun alamu ne da Allah Ya shimfiɗa. Mai da'awar gaibu shi ne mai bugun ƙasa, kuma ban ji ana yi masa huɗuba kamar yadda ake yi wa masu auna ruwa ba.

Shawarata huɗu ce, na daɗe ina faɗarsu. Makarantun allo da na islamiyya su koyar da babin ilimi tare da babin riƙo da sababi, kada a raba su. Limamai su ware huɗuba a lokacin kaka a kan tanadi da haramcin ɓoye abinci. Kowane gari ya riƙe rumbun tsimi, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Hukumomi kuma su bayyana sakamakon damana da Hausa da zarar an gama girbi, su tsare gawo da goribar Gulbin Kaba daga masu gatari.

Wanda ya ce muku an riga an rubuta don ya hana ku motsi, ku tambaye shi ko ya karanta abin da aka rubuta. Mu umurni aka ba mu, a kansa za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace.