KANKARE BA YA SHAN RUWA: JAWABI KAN BISHIYA DA RUWAN SAMA A WURAREN SANA'ARMU

Maganar da aka ɗora mana a yau ta shafi filayen da muke neman abinci a cikinsu a nan Badun, wato harabar shaguna, da gaban sito, da tashar mota, da farfajiyar filaza-filazan nan da ake ta ginawa.

Jama'a, kowa ya ga yayin da ake ciki. Da zarar mutum ya gama gini, sai ya kira birkila a malale fili da kankare daga bakin ƙofa har bakin titi, ko tafin hannu na ƙasa ba a bari. In akwai tsohuwar bishiya, ko a sare ta, ko a zuba mata siminti har wuya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ana gudun caɓi da taɓo, ana son mota ta shigo ta sauke kaya lafiya. To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: ruwan da ƙasar nan take shanyewa a da, yanzu ina za shi?

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Ruwan sama milimita 1, in ya sauka a kan fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Ku ɗauki haraba mai mita 30 da mita 20. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ya sauka a kanta lita 30,000 ne, wato durom 150 irin mai lita 200 ɗin nan. Ƙasa mai ciyawa da itatuwa za ta sha kaso mai yawa, sauran ya gangara a hankali. Kankare kuwa ba ya shan ruwa. Kusan duka zai kwararo lokaci ɗaya ya faɗa gwata, gwatar da dama leda da robar ruwa sun cushe ta. Daga nan sai shagon da yake ƙasa, sai siton maƙwabci. Buhun sukari ko na gishiri in ya kwana a ruwa, ai ba sai mun gaya muku abin da ya rage ba.

Wannan gari kuwa ya san ruwa. Dattawanmu ba su manta da ambaliyar rafin Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta 1980 ba, wadda Yarabawa suke kira Omiyale, wato ruwa ya shiga gida. Haka kuma a daren 26 ga Agusta 2011 an yi ruwan da ma'aunin cibiyar binciken aikin gona ta IITA ya nuna ya haura milimita 187, mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu, gadoji suka karye. Irin wannan ruwa a kan harabar da muka lissafa ɗazu, ya fi durom 560. Daga baya, a 2014, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin aikin magance ambaliya a Badun. Wannan aikin gwamnati ne, na manyan magudanai da gadoji. Amma ruwan da yake cika rafi daga kan kwanon rufinmu da filayenmu yake tashi. Garin nan tudu da gangare ne, duk abin da na sama ya saki, na ƙasa ne zai karɓa.

A nan ne maganar ta shafe mu ta wata fuskar. Tun 1916 aka kafa Sabo, kakanninmu suka zauna da cinikin goro da shanu, suka yi zaman mutunci da masu gari. Wanda yake ƙasan gangarenka sau da yawa Bayarabe ne, kuma in ruwan harabarka ya shiga ɗakinsa ba zai ce ruwan Alhaji wane ba ne, cewa zai yi ruwan Hausawa. Duk mun san yadda ƙaramar magana take zama babba a kasuwa. Saboda haka tare ruwanka a filinka haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma kariya ce ga sunan jama'armu.

To mene ne haɗin bishiya da wannan? Bishiya tana aiki uku. Ganyenta yana tare ruwa ya rage masa ƙarfi kafin ya taɓa ƙasa. Saiwoyinta suna buɗe ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Sannan tana zuƙe ruwan da ya shiga ta fitar da shi ta ganye, ƙasar ta sake samun wurin karɓar na gaba. Ga kuma inuwa. Mai goro ya san abin da zafi yake yi wa huhu, mai tumatir da tattasai ya sani, direba da ɗan dako su ma sun sani. Mai saye ma inda zai tsaya cikin sanyi nan yake daɗewa har a daidaita ciniki.

Sai dai bishiyar da aka ɗaure da siminti ba ta iya yin wannan aiki yadda ya kamata. Mutane da yawa suna zaton saiwa can ƙasa take nutsawa kawai. A'a, yawancin saiwoyin da suke sha suna nan sama-sama, ba su cika wuce zurfin santimita 60 ba, kuma suna bazuwa gefe har su wuce inuwar rassan. Suna bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa. In aka rufe su, ɗayan biyu ne: ko itacen ya yi ta ramewa har wata iskar farkon damina ta kayar da shi kan motar wani, ko saiwar ta taso neman iska ta fasa daɓen, a dawo ana zagin bishiya alhali ita aka shaƙe.

Abin da muke kira a yi shi ne a haɗa biyun, ramin bishiya ya zama shi ne mashayar ruwan haraba. Ga yadda ake yi.

Na farko, a bar wa kowace babbar bishiya buɗaɗɗiyar ƙasa aƙalla mita 2 da mita 2. In fili ya ba da dama, a yi doguwar kwari ɗaya a jikin katanga ko tsakanin layin motoci, a jera itatuwa a ciki, don saiwoyi su sami wurin yawo. A sassauta ƙasar da diga, a fitar da ɓaraguzan bulo da siminti, a gauraya ta da taki.

Na biyu, kada ramin ya fi daɓe tudu. Ya yi ƙasa da shi da kamar santimita 10, kuma a gaya wa birkila tun kafin ya fara aiki ya karkata daɓen zuwa wajen bishiya. In an kewaye ramin da bulo, a bar ƙofofi da ruwa zai shiga. Indararon rufi ma a juyo da shi nan, a zuba tsakuwa a inda yake zuba don kada ya ƙwaƙule ƙasa. A kuma bar mafita ɗaya zuwa gwata, domin ranar babban ruwa rami zai cika, dole rarar ta wuce.

Na uku, a gwada ƙasa kafin a kashe kuɗi, don wasu wurare a garin nan dutse yana kusa, wasu kuma yumɓu ne. A haƙa rami kamar zurfin gwiwa, a cika shi da ruwa. In ya tsotse cikin kwana ɗaya, ƙasar ta yi. In ya kwana biyu yana nan, wurin yana bukatar tsakuwa da bututun da zai ja ruwa, ko a canza wuri. Masu tsoron sauro su kwantar da hankali: sauro yana bukatar ruwan da ya kwanta kamar mako guda kafin ƙwansa ya zama sauro. Gwatar da ta toshe ita ce gidansa, ba ramin da yake bushewa cikin kwana ɗaya ba.

Na huɗu, inda mota take tsayawa, intalok ya fi kankare, da sharaɗin a shimfiɗa shi kan tsakuwa da yashi mai tsabta, ba kan siminti ba, kuma kada a liƙe tsakaninsa. Da haka ruwa yana samun ɗan wurin ratsawa. In ƙura da laka suka toshe tsagogin, a share a sake zuba yashi. Wani amfanin kuma, in ya lotsa sai a cire 'yan ƙwayoyi a gyara a mayar.

Na biyar, a san abin da za a dasa da inda za a dasa shi. Dogon yaro, wanda masu gari ma da sunan nan namu suke kiransa, yana da juriya. Mangwaro da maɗaci suna ba da inuwa mai kyau amma suna son fili, a nisanta su da gini aƙalla mita 5, kuma kada a sa su ƙarƙashin wayar lantarki. Ceɗiya da durumi kuwa, duk da daɗin inuwarsu, saiwarsu ba ta jin magana, ba su dace da kusa da tushen gini ko bututu ba. A ƙaramin wuri gwaba ko lemo sun wadatar. Ramin shan ruwa shi ma kada ya matsi bango, ko rijiya, ko masai. Mai son ƙarin shawara, ga cibiyar binciken gandun daji ta tarayya nan a Jericho, ba nisa.

Dasawa kuwa, tsakanin Afrilu da Yuni ya fi, lokacin da ruwa ya zauna. Kada a binne wuyan dashe fiye da yadda yake a ledarsa. A kewaye shi saboda awaki, a rufe ƙasar da busasshen ganye, irin wanda muke zubarwa daga kwandunan goro ma ya isa. Ranin farko a ba shi ruwa, kuma ga dabara mai sauƙi: ruwan alwala na masallacin kasuwa da yake malala banza, a ja shi zuwa gindin bishiya. Amma baƙin mai na kanikawa, da ruwan sabulu, da ruwan gishiri, da jinin mahauta, waɗannan kashe itace suke yi. Mai shayi da mai tsire su ma su nisanta wuta daga gindinsa.

Mun san abin da wasu suke faɗa a zuci: mu baƙi ne, haya muke yi, wa za mu dasa wa? 'Yan'uwa, baƙuntar da ta haura shekara ɗari, aka haifi uba da kaka a cikinta, ai ta zama zama. Inuwar da muke sha yau wani ne ya dasa, bai san mu ba. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi. Mai gidan haya kuwa, in aka je masa da ladabi aka nuna masa ruwa ne za a kawar daga tushen gininsa, da wuya ya ƙi.

Kada kuma wani ya tashi daga nan da zaton bishiya kaɗai za ta tare ruwa irin na 2011. Yashe gwata da hana zuba shara a cikinta suna nan daram. Abin da ramin bishiya yake yi shi ne ya rage wa gwata kaya, ya kuma jinkirta ruwan.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu ga shugabanni. A naɗa mutum uku su zagaya kafin damina su ƙirga itatuwan da aka shaƙe da siminti, a fara da fasa musu wuri, don ceto tsohuwar bishiya ya fi dasa sabuwa goma sauri. Kowane layin shaguna ya ɗauki nauyin dashe biyu, a san wanda zai kula da su da suna. Duk ɗan ƙungiya da zai yi sabon daɓe ya nemi shawara kafin a kwaɓa siminti, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a gayyaci maƙwabtanmu Yarabawa ranar aikin, tunda gwatar ɗaya ce.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.