Tattalin Man Fetur: Abin da Ƙafar Direba Ke Ƙonawa

A cikin watan Oktoba na shekarar 1973 ne ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka rage yawan man da suke haƙowa, suka kuma hana sayar da shi ga Amurka da Holan saboda goyon bayan da suka ba Isra'ila a yaƙin da aka gwabza a wannan wata. Kafin a shiga tsakiyar 1974 gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa wajen dala 12. Abin lura shi ne dabarar da gwamnatocin Turawa suka fara kamawa. Ingila ta ƙayyade gudun mota a kan mil 50 cikin awa guda, wato kilomita 80, Amurka kuwa ta tsayar da nata a kan mil 55, kusan kilomita 89, kuma sai a 1995 aka soke wannan doka baki ɗaya. Man da aka tsimi a Amurka bai kai yadda aka yi zato ba, domin direbobi da yawa sun yi kunnen uwar shegu da dokar, amma waɗanda suka mutu a haɗarin mota sun ragu daga kusan dubu 54 a 1973 zuwa wajen dubu 45 a 1974, kuma rage gudu na daga cikin dalilan.

Hujjar waɗannan gwamnatoci ba ta tsufa ba. Mota tana tafiya ne tana keta iska, iskar kuma tana tura ta baya. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iskar takan ninku sau huɗu. Direban da ya bar kilomita 90 ya koma 120 ya ƙara wa injinsa kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan nauyi, alhali a tafiyar kilomita 100 mintin da ya rage bai kai 17 ba. Kayan da aka labta a kan rufin mota su ma suna ƙara wannan turjiya, don haka bai kamata a bar ƙarfen ɗaukar kaya a sama ba idan ba a bukatarsa.

A cikin gari kuwa, inda ba a samun sararin gudu, ɓarnar ta wata fuska take zuwa. Duk lokacin da direba ya danna totur da ƙarfi sannan ya taka birki a gaban danja, man da ya ƙona ya zama zafi a jikin birki, ba tafiya ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙi na fizga da cijewa yana iya rage nisan da mota ke yi da kowace litar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoson motoci. Ta kuma ce injin da aka bari yana aiki mota na tsaye yana shan kusan lita 1 zuwa 2 cikin awa, gwargwadon girmansa da kuma ko an kunna na'urar sanyaya mota. Direban tasi da ke jiran fasinja a tasha, a Kumasi ne ko a Jidda, ya kamata ya auna wannan da kuɗin da zai kai gida da daddare. Tayar da iskarta ta ragu ita ma tana jan mota baya. Ribar cika ta ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba, amma kuɗin mai faci bai taka kara ya karya ba.

Akwai wata tsohuwar al'ada da ta dace a tsaya a kanta, domin direbobi da yawa suna ɗaukarta a matsayin wayo, wato sakin mota a firi idan an zo gangara, wasu ma har su kashe injin ɗungurungum. A zamanin motoci masu kafireta ana iya cewa akwai ɗan abin da ake tsimi. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce ke auna man da ake fesa wa injin, kuma a yawancinsu idan direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur mota tana cikin giya, sai kwamfutar ta yanke man gaba ɗaya, tayoyin ne ke juya injin. Da zarar an sa ta a firi kuwa, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ashe ke nan mai firi shi ne ke ƙona mai a gangara, wanda ya bar motarsa cikin giya kuwa yana sauka kyauta.

Kashe injin ya fi wannan muni. Birkin yawancin ƙananan motoci yana samun ƙarin ƙarfi ne daga zuƙar iskar injin. Idan injin ya mutu, taki biyu ko uku kawai ya rage kafin birkin ya yi tauri kamar dutse. Sitiyari ma yakan yi nauyi, kuma idan aka murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa. Ban da haka, motar da ba ta cikin giya ta rasa riƙon da injin ke yi mata, sai dukan nauyin ya koma kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Wanda ya san gangarar da ke arewacin Ngaundare a kan hanyar Garwa, ko kwanonin Hada da ke saukowa daga Ɗa'ifa zuwa Makka, ya san cewa a irin waɗannan wurare ƙaramar giya ce ke riƙe mota, kuma a nan ne ya dace fasinjan da ya ji injin ya yi shiru ya buɗe baki ya yi wa direba magana.