Ƙwaƙwalwar Amiga da Matsalar Ƙofa Ɗaya



An nemi in yi magana a kan yadda aka yi ta ƙoƙarin ƙara wa ƙananan kwamfutoci na farko sauri, to, zan tsaya ne a kan na'ura guda, wato Amiga, wadda kamfanin Commodore na Amurka ya fitar a 1985. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne tana gudanar da ayyuka da dama a lokaci ɗaya, alhali ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobayit 256 ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Jigon na'urar, wato Motorola 68000, ba shi kaɗai yake amfani da wannan ƙwaƙwalwa ba. Sassan da ke zana hoto da fitar da sauti su ma daga nan suke ɗiba. Ku ɗauka gida ne mai rumbu ɗaya, ƙofarsa kuma ɗaya. Idan launuka kaɗan ne a allo, kowa yakan shiga bi da bi ba tare da cunkoso ba. Amma da zarar launuka sun yawaita, sai masu zane su tare ƙofar, jigon ya tsaya yana jira, duk ayyukan da ke kansa su yi ta jan ƙafa.

A 1987 aka fitar da Amiga 500 mai kilobayit 512, da wani gurbi a ƙarƙashinta inda ake cusa ƙarin 512. Jama'a suka yi ta saye. Wuri kam ya ƙaru, ayyuka da yawa suka samu masauki, amma ta fuskar sauri kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Dalili kuwa, ƙarin yana bayan waccan ƙofa ce, don haka jigon bai tsira daga jira ba. Abin takaici kuma, sassan zane na lokacin ba sa iya taɓa shi. Shi ya sa masu na'urar suka laƙaba masa sunan ƙwaƙwalwa mai nawa.

Maganin yana gefen na'urar ne, inda akwai wata mahaɗa da ke karɓar har megabayit 8. Wannan rumbu na jigon ne shi kaɗai, da ƙofarsa daban. Mai duka biyun yakan sa umarnin FastMemFirst a farkon tashin na'ura, domin a fara cika mai saurin kafin a koma ga mai nawa.

Saura aibi guda da ƙarin ƙwaƙwalwa bai warkar ba. Babu katanga tsakanin aiki da aiki, saboda haka ɗaya yana iya yin rubutu a gonar ɗan'uwansa, na'urar ta tsaya cik, rubutun da mutum ya kwana yana yi ya salwanta.

Shugaba, na ga kana duban agogo.