Magneziyom: maganin da ake zubar wa awaki



Da wuya a sami ma'aikaci a Yamai ko Maraɗi wanda bai taɓa kai kukan gajiya da ɗaurewar jijiya asibiti ba, ya fito da takardar sayen ƙwayoyin magneziyom. Ɗabi'a ce da likitancin ƙasar nan ya gada daga Faransa. Mutum ya cire jika biyu ko uku daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba ya kai farmasi, alhali kuwa a gidansa an surfe hatsi da safe, an kai wa awaki dusa.

Magneziyom ma'adini ne da jiki ba ya iya ƙerawa, sai dai ya same shi a abinci. Babban mutum yana ɗauke da wajen giram 25, fiye da rabi a cikin ƙashi, saura a tsoka da sauran nama. Abin da ke yawo a jini bai kai ɗaya cikin ɗari ba, shi ya sa awon jini kan nuna lafiya lau ko da ajiyar jiki ta ragu. Aikinsa ya shafi bugun zuciya, da saƙon jijiyoyi, da sakin tsoka bayan ta ɗaure, da yadda jiki ke sarrafa sukari. Namiji na bukatar wajen miligiram 400 a rana, mace kuwa wajen 310.

To, ina yake? Yana cikin ɓawon ƙwaya da idonta. Giram 100 na hatsin da ba a surfe ba na ɗauke da fiye da miligiram 100. Wake da gujiya sun wuce 150. Riɗi ya haura 300. Farar shinkafar da ake shigowa da ita daga Asiya ba ta wuce 25 ko 30, domin injin da ya goge ta ya tafi da mafi yawansa, haka nan farar fulawar da ake yin burodi da taliya. Ga abin mamaki: Nijar na cikin manyan ƙasashen duniya wajen noman hatsi da wake, amma ɗan birni ya mai da barin tuwon hatsi alamar samu. Burodi da safe, shinkafa da rana, taliya da dare. Manomin da ke shan fura, ya ci dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ya fi shi samun wannan ma'adini, in dai rumbu bai ƙare ba. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ga hatsi da danginsa kafin wasu su daina kallonsa abincin ƙauye.

Ba a ce a bar surfe ba. A dai sassauta shi, kada a wanke hatsi har ya yi fari fat. Jiƙo da tsami irin na koko su ma suna taimaka wa hanji ya tsotsi ma'adinan da ke cikin ƙwayar.

Ƙwayar magani na da masu ita: mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai shan maganin sa fitsari, da mai zawo na dogon lokaci, da mashayin giya. Likita ne zai yanke. Yawanta na sa gudawa, ga mai ciwon ƙoda kuwa haɗari ne, domin ƙoda ce ke fitar da rarar. Mai sayen ta a tebur ya san da wannan.

Inda magneziyom ke raba rai da mutuwa shi ne ɗakin haihuwa. Mai ciki da jininta ya hau na iya faɗawa jijjiga, ta rasu ita da ɗanta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, a kan mata fiye da 10.000 cikin ƙasashe 33, ya nuna allurar sulfat na magneziyom ta rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi. Allura ce mai araha, kuma tana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo da alkawarin ginin asibiti, ya kamata a tambaye shi ko gidan haihuwar gundumarsa na da wannan allura a yau, da ungozomar da aka koya wa yin ta.